Zagage a Gaban Aikatau: Wakilin Sunan Faransanci a Kunnen Bahaushe

Babu littafin koyon Faransanci da ba ya ɗauke da wani ɗan jadawali mai gida biyar, wanda ake sa ɗalibai su haddace kamar yadda ake haddar “sau” a darasin lissafi. A gidan farko akwai “me, te, se, nous, vous”; a na biyu “le, la, les”; a na uku “lui, leur”; sai “y” ita kaɗai, sai “en” a ƙarshe. Jerin da wakilan suna na karɓau suke bi ke nan idan suka haɗu a gaban aikatau. Kalmomi goma sha biyu ne kacal, kuma babu wadda ta wuce gaɓa ɗaya, amma a kansu ake gane wanda ya iya harshen da wanda ya tara kalmominsa kawai. Mutum yana iya sanin sunan kowane abu a kasuwa da ofis, ya iya sarrafa aikatau a lokuta shida ko bakwai, amma da zarar ya buɗe baki ya ce “je donne lui”, mai sauraro ya san iyakar tafiyarsa. A takardar jarrabawa kuwa jan alƙalami ne ke biyo baya.

Ta ƙofa biyu Bahaushe ke isa ga wannan jadawali. A Jamhuriyar Nijar yana tarar da shi tun a firamare, inda ake koya masa Faransanci da Faransanci, in ban da makarantun gwaji masu harshe biyu da aka fara buɗewa a 1973. A Nijeriya kuwa ta Ingilishi yake bi, kuma littattafan da ake ba shi matsalolin mai jin Ingilishi suke warwarewa, misalansu da gargaɗinsu duka. Ƙofofin sun bambanta, amma a bakin kowace ana so yaro ya tuɓe Hausarsa ya bar ta waje kamar takalmi. Siyasar harshe ta yi ta juyawa a ƙasashen biyu. A ƙarshen 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a Nijeriya. A 2025 kuma kundin da mahukuntan Nijar suka fitar ya sanya Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci harshen aiki tare da Ingilishi. Duk wannan juyi bai taɓa jadawalin ba. Yana nan a allo, yara suna rera shi.

Akwai wata malamar Faransanci a wata sakandaren 'yan mata a ƙasar Katsina da ta daɗe tana juya wannan al'amari a zuci. Ta karanta Faransanci a jami'a, ta yi zaman da aka saba yi a Ƙauyen Koyon Faransanci na Badagry, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1991. Dangin mahaifiyarta mutanen Maraɗi ne, saboda haka kunnenta ya saba da Faransancin aji da na bakin titi. Abin da ya bambanta ta da takwarorinta shi ne ta ɗauki darussan nahawun Hausa a jami'a, ta karanta Galadanci, ta san giredin aikatau. Al'adar sashenta ita ce ba a yin Hausa a aji. Ita kuwa abin da take gani kowace shekara shi ne 'yan matan da suka fara da zumuɗi suna sulalewa da zarar an zo babin wakilin suna, har idan lokacin zaɓen darussa ya yi, ƙalilan ne ke ci gaba da Faransanci. Ra'ayinta shi ne yarinyar da ta taso da Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan babi. Rabin abin da ake wahalar da ita a kai ta riga ta san shi tun tana goye, sauran rabin kuma ba za ta ga inda ya saɓa ba sai an gwada mata shi da abin da ta sani. Wannan ra'ayi yana da ƙarfi, kuma hujjojinsa a cikin nahawun harsunan biyu suke.

A fara da aikau. Faransanci yana da jeri biyu, “je, tu, il” da sauransu a gefe ɗaya, “moi, toi, lui” da sauransu a ɗaya gefen. Jerin farko ba ya tsayuwa da ƙafarsa. Idan aka tambayi Bafaranshe wane ne a bakin ƙofa, “moi” zai ce, ko “c'est moi”. Bakinsa ba zai taɓa fitar da “je” ita kaɗai ba. Ingilishi ba shi da jeri na musamman na wannan aiki, don haka littattafan da aka gina a kansa sukan ɓata shafuka suna bayani. Bahaushe kuwa ba ya buƙatar shafi ko ɗaya. Idan aka ce wa ke nan, “ni ne” zai ce, babu mai cewa “na”. “Ni na zo” ita ce “moi, je suis venu”, kalma bisa kalma. “Da shi” ita ce “avec lui”, “ni ma” ita ce “moi aussi”. Masana nahawun Hausa sun riga sun raɗa wa jerin biyu suna: wakilin suna katsattse, da zagin aikatau. Sunan nan na biyu ya dace ƙwarai, domin zagi ba ya tafiya sai a gaban dokin ubangidansa, kuma ba a ganinsa shi kaɗai yana zagi a fili. Ɗalibar da ta yi karatun nahawun Larabci a makarantar Islamiyya ma ta san wannan rabo ta wata hanya, domin an koya mata lamiri mai haɗewa da lamiri rababbe. Harsuna biyu ke nan a cikin kanta suke da amsar, sai aka zaɓi na ukun da ba shi da ita a yi mata bayani da shi.

Dalilin da ya sa “je” ta zama zagi yana cikin tarihin harshen. A Latin, uwar Faransanci, ƙarshen aikatau ne ke nuna wanda ya yi aiki, shi ya sa ba dole ne a kawo wakilin suna ba. Haka abin yake har yau a harsunan Italiya da Sifaniya. A Faransanci sai waɗannan ɗafa-ƙeya suka lalace a baki, suka saura a rubutu kawai. “Parle”, “parles” da “parlent” furucinsu ɗaya ne. Da ƙeya ta yi shiru, sai nauyin nuna mutum ya koma goshi, wakilin suna ya zama wajibi. Aikatau na Hausa ma ba ya nuna mutum: “zo” ɗaya ce ga kowa, zagi ne ke faɗin wanda ya zo. Sai dai a nan ne hanya ta fara rabuwa. Zagin Hausa yana ɗauke da lokaci a jikinsa: “na zo”, “zan zo”, “nakan zo”, “ina zuwa”. “Je” kuwa ba ta motsi, lokaci yana cikin aikatau. Kunnen Bahaushe ya saba da kasa kai a gaban aikatau, idan ya ji zagi ya ji komai. Wannan ne ya sa malamar take ganin ɗalibanta suna rubuta “je parle” a inda ake son “je parlais”, su ga kamar sun gama aiki. Abin da take gaya musu gajere ne: na Hausa zagi ne mai agogo, na Faransanci ba shi da agogo, sai an tambayi mai doki.

Wani abin da jan alƙalami ke yawan hawa shi ne irin “le professeur il est venu”. Tushensa a fili yake, domin Hausa ba ta yarda a ce “malam zo” ba. Ko da an ambaci suna sai zagi ya biyo, “malam ya zo”. Abin dariyar shi ne wannan jimla da ake soke wa yarinya a Katsina ita ce mutanen Paris suke furtawa safe da yamma a maganarsu ta yau da kullum, har wasu masana ginin jimla suna ganin wakilin aikau a Faransancin baka ya kusa zama ɗafa-goshi. Rubutaccen harshe ne bai karɓe ta ba. Malamar ba ta fasa sokewa ba, tun da masu duba jarrabawa ba za su ƙyale ba, amma takan rubuta a gefe cewa wannan ta hira ce, ba ta takarda ba. Akwai bambanci tsakanin yarinyar da aka ce mata ba ta iya ba da wadda aka ce mata ta sa kayan gida ta tafi ofis.

Inda kamannin ya fi ban mamaki shi ne “on”. Masu nazarin Hausa suna kiran “an, ana, a, akan” mutum na huɗu, wato aikau wanda ba a fayyace ba. “An sace akuya” ita ce “on a volé la chèvre”, “an ce” ita ce “on dit”, kuma ko furucin kalmomin biyu ya yi kusa, duk da cewa babu dangantakar asali a tsakaninsu. “On” daga kalmar Latin “homo” ta fito, ma'anarta mutum. Dukansu biyu aikau kawai suke zama, ba su da siffar karɓau ta kansu. Dukansu kuma sun zarce aikinsu na farko. Bafaranshe a hira ya fi cewa “on y va” a kan “nous y allons”, kamar yadda Bahaushe ke cewa “a tafi” yana nufin mu tafi. Har fuskantar mutum ake yi da su: “an tashi lafiya?”, “on a bien dormi ?”. Amma a nan ɗanɗanon ya bambanta, kuma wannan ne irin abin da jadawali ba ya iya faɗa. Bahaushe yana amfani da “an” ne don kunya da girmamawa. Matar aure takan ce “an fita” don kada ta kama sunan mijinta, suruki yakan ce wa surukarsa “an wuni lafiya?” don kauce wa “kin”. Bafaranshe kuwa irin wannan “on” yaro yake yi wa ita, ko majinyaci a gadon asibiti, kuma babba yana iya jin ta a matsayin raini. Ɗalibar da ta ɗauki ladabin Hausa ta zuba shi cikin “on” tana iya ɓata wa wanda take son girmamawa. Akwai kuma tarko na biyu. Hausa tana cewa “ana ruwa”, “ana sanyi”, sai hannu ya so rubuta “on pleut”. Faransanci a nan “il” yake sawa, “il pleut”, “il fait froid”, “il y a”, wani “il” da ba ya wakiltar kowa, kujera ce kawai da dole a zauna a kanta.

Batun girmamawa ya kai mu ga “tu” da “vous”, kuma wannan ya wuce nahawu. Hausa ta san jam'in girmamawa, yaro yakan ce wa dattijo “kun wuni lafiya?”, amma ba ta wajabta shi ba: sarki ma “ranka ya daɗe” ake ce masa, da tilo, girmamawar tana cikin laƙabi da durƙuso da sassauta murya. A Faransanci wakilin sunan ne ke ɗauke da ita, har akwai aikatau na musamman ga kowanne, “tutoyer” da “vouvoyer”. Wanda ya ce wa shugaban makaranta ko jami'in iyaka “tu” ya yi laifi ko da ya durƙusa. A tarihin Afirka wannan ƙaramar kalma ta taɓa zama bulala. A jawabin da Patrice Lumumba ya yi ranar 30 ga Yuni, 1960, a bikin 'yancin Kwango, a gaban Sarki Baudouin na Beljiyam, cikin wulaƙancin da ya lissafa har da cewa baƙar fata “tu” ake ce masa, “vous” kuwa an keɓe wa farar fata. Kafin wannan, a 1916, an buga wani ɗan littafi a Paris mai suna “Le français tel que le parlent nos tirailleurs sénégalais”, domin hafsoshin da ke jagorantar sojojin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma. Faransancin da littafin ya tsara a riƙa yi da waɗannan sojoji an cire masa “je, tu, il” gaba ɗaya, an bar “moi, toi, lui” da aikatau marar sarrafawa. Zaton da ke ƙarƙashin wannan shi ne kan Ba'afirke ba zai ɗauki jeri biyu na wakilin suna ba. Mai nazarin Hausa zai yi murmushi, domin harshensa yana da katsattse, da zagi mai siffa daban a kowane lokaci, da karɓau kai-tsaye, da kaikaitau, da na mallaka dogo da gajere, kuma ɗan shekara biyar yana sarrafa su duka ba tare da tuntuɓe ba.

Jinsi ba ya ɗaukar dogon bayani. Hausa tana bambanta “kai” da “ke”, Faransanci yana haɗe su a “tu”. Faransanci yana bambanta “ils” da “elles”, Hausa tana haɗe su a “su”. A ajin 'yan mata dai ba a rasa mai tambayar me ya sa mata ashirin da namiji ɗaya suke zama “ils”. Amsar ita ce masu nahawun ƙarni na 17, irin su Vaugelas a littafinsa na 1647, sun ɗauki jinsin namiji a matsayin mafi daraja, aka kafa dokar a kan haka, kuma Faransawa da kansu suna jayayya a kanta har yau.

Karɓau ne fagen da ake yin gumi. A Hausa bayan aikatau yake zuwa, suna ne ko wakilinsa: “na ga Audu”, “na gan shi”. Faransanci yana barin suna a baya, “je vois Paul”, amma da zarar wakili ya maye gurbinsa sai ya tsallako gaba, “je le vois”. Wato karɓau ma zagi ne a wannan harshe, kuma zagagen suna iya yin jeri: a “je ne le lui ai pas donné” ƙananan kalmomi huɗu ne suka sha gaban aikatau. A nan babu abin da Hausa za ta ba ɗaliba kai tsaye, Ingilishi ma haka. Sai maimaici har harshe ya saba. Amma akwai abin da Hausa ta riga ta shuka mata, wato sanin cewa shigowar wakilin suna tana girgiza jimla. Aikatau ɗan giredi na 2, a tsarin da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960, yana sauya wasalinsa na ƙarshe gwargwadon abin da ya biyo shi: “ya sayi doki”, “ya saye shi”, “ya saya”. A lokaci mai ci kuma karɓau yakan rikiɗe ya ɗauki siffar mallaka, “ina ganinsa”, “tana sonta”. Wanda ya taso da wannan ba zai yi mamakin cewa wani harshe yana sauya wa wakilin suna mazauni ba. Umarni ne kaɗai ke mayar da shi baya a Faransanci, “donne-le-moi”, inda “me” ta koma “moi” saboda ta faɗo ƙarshe. Da an kore umarnin sai kowa ya koma gaba: “ne me le donne pas”.

Babbar riba tana cikin rabon kai-tsaye da kaikaitau, wato “le, la, les” da “lui, leur”. Mai jin Ingilishi yana da kalma ɗaya ga ayyukan biyu, shi ya sa wannan rabo yake ba shi wuya har ya tsufa. Bahaushe yana da “shi, ta, su” a hannu ɗaya, “masa, mata, musu” a ɗaya hannun, kuma “à” da ke gaban suna a Faransanci ita ce “wa” ta Kano, ko “ma” ta Katsina da Maraɗi: “na kawo ma Audu”. Malamar ta zauna ta jera aikatau da aka fi amfani da su, sai ta ga harsunan biyu suna yin zaɓi iri ɗaya fiye da yadda ta zata. “Na kira shi”, “je l'ai appelé”. “Na buga masa waya”, “je lui ai téléphoné”. “Na gaya masa”, “je lui ai dit”. “Na amsa masa”, “je lui ai répondu”. “Na yi masa biyayya”, “je lui ai obéi”. “Na rubuta masa”, “je lui ai écrit”. Waɗannan duk ɗaliba tana iya samunsu ta hanyar tambayar kanta da Hausa: shi ne ko masa?

Saɓanin da ya rage kaɗan ne, amma a kalmomin da baki bai rabuwa da su yake. “Na gode masa” kaikaitau ce, “je le remercie” kai-tsaye. “Na tambaye shi” kai-tsaye ce, “je lui demande” kaikaitau. “Taimaka” tana tafiya da ƙafa biyu a Hausa, “na taimake shi” da “na taimaka masa”, Faransanci kuwa ta farko kawai ya yarda da ita, “je l'aide”. Mafi haɗari ita ce “ba”. Hausa tana cewa “na ba shi”, da siffar kai-tsaye, alhali mutumin shi ne wanda aka miƙa wa abu. Ɗaliba sai ta rubuta “je l'ai donné” tana nufin ta ba shi, abin da ta rubuta kuwa yana nufin ta bayar da shi. Daga yi wa mutum kyauta an koma yin kyauta da shi. Wannan misali ɗaya, idan aka faɗe shi da Hausa a aji, dariyar da yake jawowa ta fi haddar mako guda tasiri. A lura kuma “lui” ta kaikaitau ba ta da jinsi, “masa” da “mata” duka ita ce, ga shi kuwa ita ce dai kalmar da ke nufin “shi” katsattse. Riga ɗaya, mutum biyu.

Idan aka dubi jadawalin nan mai gida biyar da idon Hausa sai ya ragu. Hausa kullum mutum take fara kawowa sannan abu: “ya kawo mini shi”, “ya kawo masa shi”. Faransanci ya yarda da wannan a mutum na farko da na biyu, “il me l'apporte”, “il te l'apporte”. A mutum na uku ne kawai yake juyawa, “il le lui apporte”. Juyi ɗaya ke nan za a koya. A maganar baka ma Faransawa sukan jefar da “le” ɗin su ce “je lui ai donné”, daidai da “na ba shi” da ba a ambaci abin da aka bayar ba. Jerin kansa ba saukakke ba ne: marubutan ƙarni na 17 suna rubuta “je le veux voir” a inda ake cewa “je veux le voir” yanzu.

Gidaje biyu na ƙarshe, “y” da “en”, su ne inda Hausa ke jan ɗaliba baya da gaske, kuma gaskiya ta wajabta a faɗi haka. Hausa harshe ne mai barin gurbi fanko idan an riga an san abin da ake magana a kai, musamman idan ba mai rai ba ne. “Kin sayi shinkafa?” “Na saya.” “Kin je kasuwa?” “Na je.” Jimlolin nan cikakku ne, babu abin da suka rasa. Faransancin makaranta ba ya barin irin wannan gurbi: “j'en ai acheté”, “j'y suis allée”. Wahalar ita ce ɗaliba ba ta jin akwai abin da ya ɓace, kuma ba a gyara kuskuren da kunne bai ji ba. Wata rana wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, “Malama, to ai kowa ya san shinkafa ake nufi, mene ne na sake faɗa?” Malamar ta ce, “'Yata, ke kin sani, ni ma na sani, amma aikatau ɗinsu ba ya yarda ya fita ba rakiya.” Daga nan ta nuna mata cewa Hausa ma ba ta yin shiru gaba ɗaya, domin a “na saya” wasalin ƙarshe ne ke shaida an ɗauke karɓau, abin da Hausa ke yi da wasali, Faransanci da kalma yake yin sa.

Saura dokar da ta fi kowace cin maki a shifta, wato daidaita aikatau na shuɗaɗɗen lokaci da karɓau idan ya gabace shi. “Je l'ai vu” da “je l'ai vue” furucinsu ɗaya, “l'” ta haɗiye jinsi, sai “e” marar sauti a ƙarshe ce ke nuna mace aka gani. Kunne yana kama bambancin ne a 'yan kalmomi kawai, irin “écrit” da “écrite”, “pris” da “prise”. Ana danganta dokar ga mawaƙin fada Clément Marot, wanda ya tsara ta a 1538 yana koyi da harshen Italiya, kuma ta isa damun masu harshen har wasu malamai biyu 'yan Beljiyam suka yi kira a fili a 2018 da a soke ta. Ba a soke ba. Yarinyar Katsina da ta Damagaram suna biyan harajinta kamar yaran Faransa. Dabarar malamar a nan ma Hausa ce: kafin ki rubuta ƙarshen kalmar, fassara “l'” a zuci; in “shi” ce ki tsaya, in “ta” ce ki ƙara “e”. Jinsin mutane ne kawai wannan ke yi wa aiki, domin jinsin abubuwa ba ya tafiya tare a harsunan biyu: rana mace ce a Hausa, “le soleil” namiji, wata namiji ne, “la lune” mace.

Duk wannan a takardun hannunta yake, kuma a ɓoye-ɓoye take amfani da shi, minti biyar a ƙarshen darasi. Abin da take nema littafi ne na nahawun Faransanci da aka rubuta da Hausa, wanda zai fara daga “ni” da “na”, kuma wannan aiki ya fi kusa da sassan nazarin Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai fiye da kowa, tun da keɓaɓɓun kalmomin a hannunsu suke. Mafi yawansu sun wadatar: aikau, karɓau, kaikaitau, katsattse da zagi duk sun hau Faransanci daidai. “On” ta sami mutum na huɗu. “Il” ta “il pleut” ana iya ce mata aikau na cike gurbi. “Y” da “en” ne har yanzu ba ta sama musu sunan da ya kwanta mata ba, domin ba suna kaɗai suke wakilta ba, suna ne tare da harafin da ke gabansa, “à” ko “de”. Ta gwada “wakilin bayanau”, fassarar abin da Faransawa suke kiransu, sai ta ga “en” ta “j'en ai acheté” ba bayanau take wakilta ba, shinkafa ce. Ɗalibanta dai sun riga ta yanke hukunci, “'yan rakiya” suke ce musu.